Zauren Uwargida: Kafin Maigida Ya Sayo Mota

Idan maigida ya zo miki da shawarar sayen mota, kada ƙyalƙyalin jikinta ya ruɗe ki. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, amma na mai da gyara da takardu ba sa ƙarewa, kuma sau da yawa a kuɗin cefane da na makarantar yara ake gutsuro su.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita sai da lissafi. Mota mai silinda huɗu, irin Corolla ko Golf, ba ta kai mai shida shan mai ba, kuma galibi lasisinta ya fi araha, domin girman inji ake dubawa. Inshorar dole ma a 2023 ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000.

Ki tambaye shi cikin ladabi: bakanizon Gummi da Anka sun san ta, ko sai an aika Gusau ko Sakkwato neman kayan gyara? Za ta jure hanyoyin ƙauyukanmu da damina?

Addini ya hane mu almubazzaranci, kuma motar da ta hana tukunya tafasa ba rufin asiri ba ce. Allah ya zaɓa mana mai albarka, amin.