Kada Fenti Da Takarda Su Ruɗe Ka Wajen Sayen Tsohuwar Bas

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa a kan wani abu da yake cinye mana jari, wato sayen tsohuwar bas ba tare da an bincika lafiyarta da takardunta ba.

Da zarar kaka ta yi, an sayar da amfanin gona, sai ka ga mutum ya fara tunanin mallakar 'yar motar da za ta riƙa kai masa kaya kasuwannin ƙauye, ranar da babu kasuwa kuma ta ɗauki fasinja. Wannan tunani ne mai kyau, musamman da yake kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. To amma da yawanmu ba mota muke saye ba, wahala muke saye da kuɗinmu.

Ba labari aka ba ni ba, a kaina ya faru. Bayan kakar 2023 na sayar da masara buhu 40 da bijiman noma guda 2, na bi wani dillali zuwa birni. Ko da muka isa, na tarar an riga an tayar da motar, inji yana ta kaɗawa lafiya lau. Fara ce fat, sai ƙyalli take yi, kujeru sun sha sabuwar leda. Aka miƙo mini takardu cikin 'yar jaka, har da ta shaidar lafiyar mota. Dillali ya ce akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi bayan la'asar. Jin haka sai na ruɗe, na biya a ranar, ko bakanike ban kira ba.

Mako na uku, na yi lodin masara zan kai kasuwa, muna cikin hawan wata 'yar tudu sai inji ya ɗauki zafi, tururi ya turnuƙe, mota ta tsaya cik. Da aka jawo ta gareji, bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya ce in zo in gani da idona. Ashe shasinta ya taɓa karyewa an yi masa walda, tsatsa ta cinye ƙasan bodi an cike da fila an bi da fenti. Lambar inji daban, wadda ke jikin takarda daban. Ita kuwa takardar shaidar lafiyar, ashe ta bogi ce. Ƙarshenta dai 'yan gwangwan na sayar wa, daminar da ta biyo baya kuma da shanun haya na yi huɗa. Ban ga laifin kowa ba kamar nawa, don Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Saboda haka ga abin da na koya, wanda na biya kuɗin makarantarsa da tsada.

Da farko, kada ka je ganin mota kai kaɗai, kuma kada ka yarda da bakaniken mai mota ko na dillali. Ka tafi da naka, wanda ka sani ya san ka, ka biya shi ladan yininsa. Mu da ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun duba haƙori, mun sa an zagaya da shi mun ga tafiyarsa, yaya za mu sayi motar da ta fi shi kuɗi nesa ba kusa ba da kallon fenti kawai?

Na biyu, ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da motar sai ka zo. Ka ɗora hannu a kan inji ka ji ko da sanyinsa. Injin da ya gaji da safe yake tona asirin kansa, in ya ɗumama sai ya ɓoye ciwonsa. In an tayar, ka koma baya ka dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce inji yana shan baƙin mai, ringi ya tafi ke nan. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Baƙin hayaƙi kuwa mai ne ba ya ƙonewa daidai, aljihunka zai gaya maka. A zaro sandar gwada baƙin mai, a buɗe murfinsa. In ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, ka kama gabanka. In kuma ya yi kauri fiye da kima, wataƙila an zuba ne don a kashe ƙarar inji.

Na uku, a hau da motar kan rami ko a ɗaga ta, a shiga ƙarƙashi da tocila. Yawancin motocin nan da muke kira Beljiyam daga Turai suke, inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ke cin ƙarfe ta ƙasa. A duba shasi ko akwai walda ko lanƙwasa, a duba sifirin da shokazoba, a duba ko man birki ko na giya yana ɗiga. Ka riƙe ɗan mayen ƙarfe a aljihu ka bi jikin bodi da shi, duk inda ya ƙi kamawa akwai fila a wurin. Kada kuma ka dogara da abin da maleji ya nuna, don ana juya shi baya. Ka dubi yadda abin taka birki da kuloci da sitiyari suka suɗe, su ba sa ƙarya. In J5 ce kake nema, wadda muka sani da ɗaukar albasa da tumatir, ka tuna tun 1994 kamfanin Peugeot ya maye gurbinta da Boxer. Ke nan ƙaramar cikinsu ta haura shekara 30 a duniya, komai ƙyallin fentinta.

Na huɗu, taya. A gefen kowace taya akwai lambobi 4 a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Misali in ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Tsohuwar taya ko da zanenta bai suɗe ba tana iya fashewa a zafin Afrilu da lodi a kanta. Ka lissafa kuɗin sababbin tayoyi a cikin cinikin.

Na biyar, a gwada ta a kan hanya, ba zagayen fili ba. A ɗora mata kaya ko mutane, a hau tudu da ita, a shiga gargada, a sa kowace giya har ribas. A taka birki da ƙarfi a ga ko tana ja gefe guda. Bayan an dawo a bar ta tana kaɗawa, a ga ko za ta yi zafi. Mai motar da ya ƙi yarda da gwaji, ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma motocin da aka juya wa sitiyari. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Waɗanda aka ƙera domin Ingila ko Japan nasu a dama yake, sai wasu su juya shi a gareji. Ka lura da ƙofar fasinja. In ta ɓangaren direba take, to a tsakiyar titi za ka riƙa sauke mutane, ga kuma haɗarin sitiyarin da aka yi wa haɗe-haɗe.

Sai maganar takardu, wadda ita ce ke kai mutum ofishin 'yan sanda. Lambar shasi, wadda a yawancin motoci haruffa da lambobi 17 ce, dole wadda ke jikin mota ta yi daidai da ta takardar kwastan da ta lasin da ta shaidar mallaka da ta inshora. In ka ga alamar an kankare ko an sake bugawa, kada ka ko taya. A farkon 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka in an ce maka 'yar Kwatano ce, ka tambaya yaushe ta shigo, ta ina, ina kuma shaidar biyan kuɗin kwastan. Ka ɗauki takardun da ƙafarka ka kai ofishin lasin da na VIO da na kwastan a tabbatar maka kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Ka nemi tsofaffin takardun shekarun baya, ka ga hannu nawa ta bi. Ka kuma sani, ko takardar lafiyar ta gaskiya ce, labarin ranar da aka duba motar take bayarwa, ba na yau ba. In ciniki ya faɗa, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, mai motar na ainihi ya sa hannu, a je a canza sunan mallaka ba da ɓata lokaci ba.

A nan ina kira ga hukumomin da abin ya shafa. A Ingila duk motar da ta kai shekara 3 sai an yi mata gwajin lafiya da suke kira MOT kowace shekara, kuma mai saye yana iya sa lambar motar a intanet ya ga sakamakon shekarun baya da malejinta. Me zai hana jihohinmu su yi irin wannan, yadda ɗan ƙauye zai duba tarihin mota ta wayarsa kafin ya sayar da shanunsa?

Ku kuma dillalai, ku ji tsoron Allah. Malamanmu sun sha gaya mana ɓoye aibin haja haramun ne. Motar da kuka rufe wa ciwo da fenti, mata da yara za ta ɗauka ranar kasuwa, wataƙila har da naku. La'adar da za a ci a kan ran mutane ba ta da albarka.

'Yan'uwana, araha ba ta ado, kuma sauri ya haifi nawa. In an ce maka wani zai zo da kuɗi bayan la'asar, ka ce Allah ya ba shi sa'a. Mota ba ta ƙarewa a kasuwa, amma jarin talaka in ya karye, sai an yi damina da yawa kafin ya tashi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.



Daga mai karanta ku kullum,
wani manomi kuma ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Maƙarfi, Jihar Kaduna.