Zauren Hira Da Ba Na Kamfani Ɗaya Ba

'Yan'uwa masu karatu, a bara muka buɗe wa ɗaliban ajin hadda zauren muraja'a a wata manhajar waya, maza da mata, domin kowa ya riƙa turo karatunsa ana gyara masa. Ba a yi wata biyu ba, mahaifin wata ɗaliba ya zo mini da ƙorafi: wani ya tsinci lambar 'yarsa a zauren, yana ta kiranta da dare. Laifin nawa ne, domin ni na tara su a wurin da kowa ke ganin lambar kowa. Tun ranar nake bincike, kuma ra'ayina a yau shi ne, duk wanda ya riƙe amanar jama'a ya kamata ya san Matrix da XMPP, musamman mu masu amfani da Linux a kwamfuta.

Tsarinsu irin na imel ne. Mai akwati a wani gida yana aika wa mai akwati a wani gidan wasiƙa ba tare da sun koma gida ɗaya ba. Haka abin yake a nan: kowace makaranta ko ƙungiya tana iya kafa uwar garkenta, gidajen kuma su riƙa magana da juna. XMPP ne babba a shekaru. Jeremie Miller ya fito da shi a 1999 da sunan Jabber, kuma a Linux ana shigarsa ta Gajim ko Dino, tare da tsarin kulle saƙo na OMEMO. Matrix kuwa ya zo a 2014, ana shigarsa ta Element, ko Nheko, ko NeoChat ga mai KDE, ko Fractal ga mai GNOME. Adireshin mutum sunan da ya zaɓa ne haɗe da sunan gidansa, ba lambar waya ba. Wannan kaɗai da ya raba mu da abin da ya faru.

Wani zai ce ai WhatsApp ma yana kulle saƙo tun 2016. Gaskiya ne, kuma ya fi zaurukan Telegram, waɗanda ba a kulle su ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai za su karanta. Sai dai gidan na kamfani ɗaya ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 da na'urorin Facebook suka tsaya, WhatsApp ya ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A Matrix kuwa, kowane gida da ke da mamba a zaure yana riƙe da kwafin zauren, in ɗaya ya faɗi saura su ci gaba da hira. Kuma manhajar a buɗe take, masana na iya duba abin da aka rubuta a cikinta. Ba banza ba gwamnatin Faransa ta gina Tchap a kansa a 2019, sojojin Jamus ma suka bi sahu.

Amma kada in yaudare ku. Kulle saƙo ba ya ɓoye wa mai uwar garke wa ya yi magana da wa, da yaushe, da su wa ke cikin zaure. Saboda haka tambayar ta koma: wa ka aminta da shi ya riƙe gidan? Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma hanin yana kan ɗan'uwan da muka damƙa wa uwar garken masallaci kamar yadda yake kan kowa. Sannan jama'a da yawa suna tururuwa ne zuwa gidan matrix.org saboda sauƙi, a sake taruwa wuri guda ke nan. A watan Afrilun 2019 an yi wa gidan kutse, aka fitar da kowa daga akwatinsa, waɗanda ba su adana makullansu ba suka rasa damar karanta tsofaffin saƙonninsu. Makullin nan a rubuta shi a takarda a ajiye, in ya ɓata ba mai dawo maka da shi.

Mu dai mun koma, malamai bakwai muka fara, ni a kwamfuta su a waya. Sati guda muka yi muna fama da tantance na'urori, wani dattijo cikinmu har ya ce in mayar masa da nasa na da, shi ba zai iya wannan lissafin ba. Ɗalibai kuwa cikin yini ɗaya suka gane. Mun raba zauren maza da na mata, na matan malama ce ke riƙe da shi. Abin da ya rage mana yanzu shi ne kuɗin hayar uwar garke na wata-wata, da wanda zai kula da ita in na yi tafiya. Kwamitin makaranta zai zauna a kai bayan sallar Juma'a, in sha Allahu.