Bakan aya da ƙugiyar haruffanmu

Shagona yana kusa da Babban Dodo a cikin Birnin Zazzau, kuma yawancin aikina buga wa malamai littattafai ne a kwamfuta: aya da Larabci, bayani da Hausa. Kowane malami yana so a sa masa aya cikin baka biyu mai ado, ﴿ ﴾, kamar yadda ya saba gani a bugun Misra.

Manhajar da nake aiki da ita tana da wata dabara. Ka taɓa bakan buɗewa, sai ta haska maka na rufewa. Ga littafi mai ɗaruruwan ayoyi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma da na shiga saiti don in ƙara mata bakan aya, ƙememe ta ƙi karɓa. Ko baka na yau da kullum, in akwai ƙ ko ɗ a layin, sai hasken ya goce ya sauka kan wani harafi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A tsarin UTF-8 da kwamfuta ke adana rubutu da shi, harafin Ingilishi bayit ɗaya yake ci. Su ƙ, ɗ, ɓ da haruffan Larabci bibbiyu suke ci, bakan aya kuwa uku. Wanda ya rubuta manhajar bayit yake ƙirgawa a madadin harafi, domin a harshensa duk ɗaya ne. Tun 1992 aka tsara UTF-8, don haka uzuri ya ƙare.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shawarar wani abokin sana'a: "Malam, cire ƙugiyar mana, ai za a gane." Wa zai gane? Almajirin da zai karanta "baki" inda malaminsa ya ce "baƙi"? A garin nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam yana edita, kuma maɗaba'ar Gaskiya ta yi shekaru tana jera haruffan nan da dalma.

Ina roƙon ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello: wasu manhajoji irin wannan a buɗe suke, kowa na iya gyarawa. Ku gwada su da layin Hausa mai aya, ku aika da gyara. Kafin nan, tafsirin da ke gabana shafi 140 ne, kuma da ido nake bin bakansa ɗaya bayan ɗaya.