Kuɗin Raya Gari A Kazaure Da Babura: Wa Ya Kamata Ya Biya?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura a 'yan shekarun nan ya ga yadda garin Kazaure yake ta faɗaɗa ta kowace kusurwa. Gonakin da muka sani ana noma gero da gyaɗa a cikinsu sun koma fulotai, wasu har an zagaye su da katanga. Haka abin yake a Babura tun daga shekarar 2021, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a garin. Amma idan damina ta kankama, mai karatu ya daure ya leƙa irin waɗannan sababbin unguwanni. Babu magudanar ruwa, babu kwalbati, hanya kuwa sai wadda ƙafa da tayar babur suka fitar.

Ra'ayina a nan shi ne, ƙarin kuɗin da hukuma take karɓa a kan fili da izinin gini a waɗannan garuruwa ya zama tilas, amma ba kowa ne ya kamata ya ɗauki nauyinsa ba, kuma bai halatta a karɓe shi ba sai da sharaɗi.

Dalilin farko shi ne tsadar aiki. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki darajar naira. Dalar Amurka da hukuma take sayarwa a kan kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin shekarar 2024. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya wuce naira 10,000 a kasuwanni da dama a watan Fabrairun 2024, kuma rodi da kwalta da man dizal duk sun bi sahu. A gefe guda, dokar tarayya ta 1998 wadda ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta ƙayyade kuɗin raya ƙasa a kan naira 100 kacal ga mutum a shekara. Bisa wancan lissafi, sai an tara kuɗin mutum 100 kafin a sayi buhun siminti guda a farashin 2024. Babu kwalbatin da zai ginu da haka.

Na san da zarar an ambaci ƙarin kuɗi, hankalin jama'armu yakan koma ga haraji. Kalmar ta samo asali ne daga kharaj na Larabci, wanda kuɗi ne da ake ɗorawa a kan ƙasar noma. Amma a bakin Bahaushe ta koma kuɗin kai, wanda mai unguwa da dogari suke bi gida-gida suna karɓa, mai shi da marar shi, an yi amfanin gona ko ba a yi ba. Shi ya sa lokacin da marigayi Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979, talakawan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, waɗanda a lokacin duk suna cikin jihar, suka ɗauki abin a matsayin 'yanci. Duk hukumar da ta dawo da kuɗin kai da sabon suna, za ta tarar da wannan tarihi yana jiran ta, kuma jama'a suna da gaskiya.

Abin da nake kira a yi ya bambanta da wancan. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ta Kazaure aka tsara ya bi. Mutumin da ya sayi kadada biyar kusa da inda za a yi tasha, ko kusa da harabar jami'a a Babura, ko daura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, darajar filinsa tana ninkawa alhali bai aza ko bulo ɗaya ba. Dukiyar al'umma ce ta jawo masa wannan riba. Adalci ne idan ya zo yanka filin ya sayar, ko gina rukunin shaguna da ɗakunan haya, ya mayar da wani kaso domin a yi wa wurin hanya da magudana. A ƙasar Kolombiya tun 1921 doka ta ba da damar karɓar irin wannan kuɗi daga masu filayen da aikin gwamnati ya ɗaga wa daraja, kuma birnin Bogota ya gina tituna masu yawa da shi.

Bugu da ƙari, mu daina yaudarar kanmu cewa a yanzu ba ma biya. Wani ɗan'uwana da ya yi gini a wata sabuwar unguwa ya ba da karo-karon sayen turakun lantarki, ya ba da na taransifoma, ya ba da na tifar ƙasar da ake cike hanya da ita kowace damina, sannan yana sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Idan aka haɗa, abin da ya kashe ya fi duk abin da hukuma za ta nema a hannunsa, ga shi kuma har yau ruwan sama cikin zaurensa yake kwana.

To amma akwai sharuɗɗa. Na farko, kuɗin da aka karɓa a unguwa ya tsaya a unguwar, cikin asusu na daban, a liƙa lissafinsa a sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa. Na biyu, kada a amince da yanka sababbin fulotai sai an fitar da hanya da magudana tukuna, domin gyara bayan an yi gini ya fi tsada, kuma yakan kai ga rushe gidajen mutane. Na uku, a bambanta tsakanin mai gina ɗaki biyu don iyalinsa da mai gina gidan mai ko otal, a ba ƙaramin ma'aikaci damar biya kashi-kashi, a kuma yafe wa gidajen gado na cikin gari. Na huɗu, a yi ƙarin sannu a hankali bayan an zauna da jama'a. Gwamnatin Legas ta yi gaggawar ninka kuɗin ƙasa a 2018, jama'a suka yi ca, ala tilas ta rage, sannan a 2020 aka sake dokar.

Roni da Gwiwa kuwa, bai dace a auna su da mudun Kazaure ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara, kuma akasarin ƙasar waɗannan ƙananan hukumomi biyu gonaki ne. Buƙatarsu ita ce hanyar kai amfanin gona kasuwa, da ƙananan gadoji, da ruwan sha. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora gina tituna da magudanun ruwa a wuyan ƙananan hukumomi, sannan a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu na tarayya kai tsaye. Saboda haka kafin shugaban ƙaramar hukuma ya nemi sisin manomi, wajibi ne ya fara nuna abin da ya yi da wancan kaso.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan majalisar dokoki masu wakiltar wannan yanki a Dutse, da masarautun Kazaure da Ringim, da 'yan boko irinmu masu sayen fulotai mu ajiye muna jiran su yi tsada, mu fara wannan tattaunawa tun jirgi bai iso ba. Masu iya magana sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Allah Ya sa mu dace.