Kwabon Kakarka Ba Zai Sayo Maka Mota Ba

Masu bidiyon "duba tsohon kwabonka, wataƙila kai miliyoniya ne" sun cika Facebook da TikTok, kuma waƙarsu ɗaya ce: duk tsabar kuɗin da ta tsufa, ta lanƙwashe ko rubutunta ya goge, wai kuskuren bugu ce, Turawa na nemanta ido rufe. Can sai wani "dillali" ya ɓullo a WhatsApp ya ce a fara turo kuɗin tantancewa. Ana turawa lambar ta daina shiga.

Abin haushin shi ne akwai kuskuren bugu na gaske, kuma yana da tsada. Sai dai a ma'aikatar buga kuɗi ake yin sa, ba a cikin gwangwanin kaka ba. Mu masu rubuta manhaja mun san bambancin: kuskuren da ke cikin manhaja yana fitowa iri ɗaya a duk wayar da aka saka ta, amma tsagewar gilashin wayarka taka ce kai kaɗai, kuma ba wanda zai biya ka don ita.

A 1955, a ma'aikatar Philadelphia ta Amurka, an sami wani hatimin ƙarfe na buga santi ɗaya wanda zanensa ya hau sau biyu, a ɗan karkace. Duk tsabar da ya buga ta fito da shekarar da rubutun a ninke, ko ba tabarau za ka gani. Kimanin 20,000 suka shiga hannun jama'a, kuma yau ko wadda ta sha hannu takan haura dala 1,000. A Birtaniya kuwa, a 2008 an haɗa tsohon hatimin fuska da sabon na baya, sai wasu tsabobin fensa 20 suka fita babu shekara ko kaɗan. Kuskure ne na gaske, amma da yake suna da yawa, kuɗinsu bai cika wuce 'yan gomiyoyin fam ba.

Wadda 'yan damfara suka fi so ita ce santin 1943. Saboda yaƙi, Amurka ta buga na shekarar da baƙin ƙarfe, amma 'yan ƙalilan suka fito da tagulla bisa kuskure. An sayar da ɗaya dala miliyan 1.7 a 2010. Shi ya sa jabun suka yi yawa: a shafa wa na ƙarfe tagulla, ko a kankare 8 ta 1948 ta koma 3. Maganaɗisu kaɗai ya isa ya tona rabin asirin, domin na gaske ba ya mannewa, kuma nauyinsa giram 3.11 ne.

To, ina kwabo mai huda da anini na zamanin Turawa? Ka adana su, tarihi ne, har da rubutun Larabci a jikinsu. Kada ka dirje su da toka ko lemun tsami. Masu tara tsofaffin kuɗi na gudun wanda aka goge. Wasu na 1936 suna ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a shekarar tun kafin Ingila kanta ta fitar da kuɗi da sunansa. Labari mai daɗi, amma miliyoyinsu aka buga, kuma 'yan daloli kaɗan ake sayar da su.