Maganin Ɗaukewar Al'ada Ga Mai Ciwon Lufus: A Gwada Jini Tukuna

A hunturun bara na kwana a gidanmu na Mashi. Can da tsakar dare sai na ji motsi a tsakar gida, da na leƙa sai na ga gwaggona zaune bisa turmi tana fifita da mafici, zufa na tsiyaya a wuyanta, alhali kowa ya duƙunƙune cikin bargo. Na ce, "Gwaggo, lafiya?" Ta ce, "Koma ka kwanta ɗana, abin namu ne na manya." Shekarunta 49, al'adarta ta ɗauke fiye da shekara guda, kuma tuni likitoci a Kano suka tabbatar tana da ciwon lufus, bayan an daɗe ana ce mata sanyi ne. Shawara biyu aka ba ta. Wata maƙwabciya ta ce ta aika kemis a sayo mata ƙwayar da 'yar'uwarta ke sha. Wani ma'aikacin lafiya kuwa ya ce mai lufus ko kusa da maganin nan kada ta je. A ganina dukansu sun kauce hanya, kuma ya kamata ɗalibai da malamansu su san dalili.

Ma'ajiyar ƙwan mace tana sarrafa wani sinadari mai suna istirojin, wanda ke tafiyar da al'ada, yana kuma riƙe ƙarfin ƙashi. Galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55 aikin nan kan tsaya. Raguwar sinadarin ce ke rikita sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita ɗumin jiki, sai zafi ya riƙa tasowa daga ƙirji zuwa fuska, barci ya gagara, ƙashi kuma ya soma zaizayewa a hankali. Maganin da ake magana a kai shi ne mayar wa jiki wani kaso na sinadarin da ya rasa. Ɗaya daga cikin tsofaffin nau'o'insa, Premarin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1942, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi. Matar da ba a cire mata mahaifa ba dole a haɗa mata da sinadari na biyu, dangin furojestaron, domin istirojin shi kaɗai yana iya haddasa sankarar mahaifa.

Shi kuwa lufus yana cikin cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa jikin da take tsaro, kamar dogarin da ya bar ɓarawo ya hau dukan mutanen gida. Yana taɓa gaɓoɓi da fata da ƙoda, wani lokaci ya fito da ƙuraje bisa kumatu da karan hanci masu siffar malam-buɗe-littafi. Cikin masu fama da shi goma, kimanin tara mata ne, kuma ya fi tashi a shekarun haihuwa. Wannan ya sa likitoci suka daɗe suna zargin istirojin da rura wutarsa.

Tsoron ya ƙaru a watan Yuli na 2002, lokacin da aka dakatar da wani babban bincike a Amurka da ake kira WHI, mai ɗauke da mata 16,608. An gano cewa cikin mata 10,000 masu shan maganin, a kowace shekara ana samun ƙarin mutum 8 masu sankarar mama, 8 masu shanyewar ɓarin jiki, da 18 waɗanda jini ya daskare a jijiyoyinsu. Mata da yawa a duniya suka watsar da maganin. Amma matsakaicin shekarun matan da aka gwada 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina al'ada. Nazarin da ya biyo baya ya nuna haɗarin ya fi sauƙi ga wadda ba ta kai shekara 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba.

Game da masu lufus, a 2005 Dakta Jill Buyon da abokan aikinta sun fitar da sakamakon binciken SELENA, inda aka bi mata 351 waɗanda ciwonsu ya lafa har tsawon shekara guda. Mummunan tashin ciwon bai ƙaru ƙaruwar a-zo-a-gani ba, sai dai ƙananan tashe-tashe sun ɗan fi yawa ga masu shan maganin. Cikakken awo aka ba su, wato miligiram 0.625. A yau likitoci sun fi son farawa da ƙaramin awo, kamar miligiram 0.3, ko filastar da ake liƙawa a fata, wadda sinadarinta ke shiga jini ba tare da ya fara bi ta hanta ba, don haka haɗarin daskarewar jini ya fi ƙanƙanta.

To, ina ma'aikacin lafiyar nan ya yi gaskiya? Wasu masu lufus suna da wasu ƙwayoyin garkuwa a jininsu, masu suna antifosfolifid, waɗanda ke sa jini saurin daskarewa. Sau da yawa su ne sanadin yawan ɓari a lokacin ƙuruciya. A 2020 ƙungiyar likitocin ciwon gaɓoɓi ta Amurka ta ba da shawarar kada a ba irin waɗannan mata istirojin, amma ana iya ba wadda gwajinta ya fita lafiya, idan alamun sun tsananta mata. Haka nan ba a ba wadda ciwonta ke tashe, ko ta taɓa yin sankarar mama, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki. Ke nan kuskuren ma'aikacin shi ne yi wa kowa kuɗin goro. Kuskuren maƙwabciya ya fi muni, domin mai kemis ba ya ganin abin da ke cikin jini.

Wani zai ce, iyayenmu da kakanninmu sun wuce wannan mataki da haƙuri, me zai sa a tsokano tsuliyar dodo? Haƙiƙa mata da yawa ba sa bukatar komai, kuma akwai magungunan rage zafin nan da ba su da istirojin. Amma mai lufus lamarinta daban ne. Maganin firednisolon da take sha shekara da shekaru yana cinye ƙashi, wasu magungunan kuma suna ɗauke al'ada tun kafin lokaci. Idan aka haɗa da rashin barci, sai a ga haƙurin ya ƙare da karayar ƙugu a tsufa. A ce da ita ta yi shiru ba tare da an auna ta ba, wannan sakaci ne.

Kirana ga hukumomin lafiya na Jihar Katsina shi ne su tsara yadda za a ɗebi jinin mace a Mashi ko Daura a aika manyan asibitocin koyarwa na Katsina ko Kano ko Shika, ba sai ta yi ta zarya a mota ba. Ku kuma ɗalibai, ku ne masu karanta wa iyaye takardar magani, ku ne masu raka su asibiti. Ku riƙe tambayoyi uku: Shin ciwon ya lafa? An yi gwajin daskarewar jini? Wane ne mafi ƙanƙantar awo da zai wadatar, kuma yaushe za a dawo a sake dubawa? Matambayi ba ya ɓata.

Gwaggona dai ta koma Kano tare da ɗiyarta, gwajin ya fita lafiya, aka ɗora ta bisa ƙaramin awo, ana duba ta duk wata uku. Da na je gaishe ta kwanan baya, sai ta ce in tafi da maficin nan, ita ta gama da shi sai bazara.