Yabo Ba Na Ranar Lahadi Kaɗai Ba Ne

Duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. An ce kafin zuwan Bayajidda, maciji ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Mu babu macijin da ya tsare mu, amma da yawanmu sau ɗaya a mako muke yabon Allah, wato lokacin waƙar Gloria a Misa ta Lahadi. Sauran kwanakin sai roƙo.

Ku lura da majami'a idan jarrabawa ta gabato: ba masaka tsinke. Sakamako na fitowa, sai a bar Fada da kujeru. Haka kutare goma suka yi a Luka 17. Ɗaya tak ya komo yana yabo.

Roƙo ba laifi ba ne. Amma mai roƙo bukatarsa yake dubawa, mai yabo kuwa Allah yake dubawa, ko an ba shi ko ba a ba shi ba. Shi ya sa Bulus da Sila suka rera waƙa cikin kurkukun Filibi da tsakar dare.

Wani zai ce ai Allah ba ya bukatar yabonmu. Gaskiya ne, mu ne muke bukata. Bakin da ya saba yabo ba ya saurin gunaguni.

'Yan'uwana ɗalibai, Zabura 146 zuwa 150 duk na yabo ne. Guda biyar ne, kwanakin makaranta ma biyar. Mu ɗauki ɗaya kowace safiya.